Filin Tambaya da Amsa: Gyaran Sallah, Zakkar Kanti da Binciken Aure

Wasiƙun da suka taru a wannan wata sun fi ƙarfin shafin, saboda haka muka ɗauko waɗanda suka fi yawan maimaituwa. Amsoshin a kan mazhabar Imam Malik suke, wadda a kanta mafi yawanmu muka yi karatun zaure.

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni tela ne a Zariya. Sau da yawa ina cikin Azahar ko La'asar sai in miƙe bayan raka'a biyu ban zauna tahiya ba, wani lokaci kuma in rasa uku na yi ko huɗu. Abin da nake yi shi ne in sallame in tayar da sabuwa. Abokin aikina ya ce kuskure ne. Ina gaskiyar magana?

Amsa: Abokin aikinka ya yi gaskiya. Sallar farilla idan aka shiga cikinta ba a yanke ta saboda rafkanwa, gyara ta ake yi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa miƙewa bayan raka'a biyu bai zauna ba, sai ya ci gaba da sallarsa, ya yi sujada biyu kafin sallama. Wata rana kuma ya sallame a raka'a biyu, sahabin nan da ake kira Zul-Yadaini ya tambaye shi ko an rage sallah ne ko mantuwa ya yi, sai ya cika abin da ya saura ya yi sujada biyu bayan sallama. Daga waɗannan biyun aka ciro ƙa'idar da ɗaliban littafin Ahlari suka haddace: ragi ƙabli, ƙari ba'di, in sun haɗu ƙabli ya rinjaya.

Ga yadda ake yin su. Ƙabli: ka gama tahiyar ƙarshe, kafin ka yi sallama sai ka yi kabbara ka yi sujada biyu, ka sake tahiya, ka sallame. Ba'di: bayan sallama, kana zaune kana fuskantar alƙibla, ka ƙulla niyya, ka yi kabbara, sujada biyu, tahiya, sannan wata sallamar.

Mu zo kan miƙewarka. Abin dubawa shi ne hannuwanka da gwiwoyinka. In ka tuna tun ba su rabu da ƙasa ba, koma ka zauna, babu sujadar komai a kanka. In sun riga sun rabu da ƙasa, kada ka koma. Ci gaba da raka'a ta uku, ka yi ƙabli a ƙarshe, domin ka rage sunna. Wanda ya miƙe sannan ya komo ya zauna, sallarsa ba ta ɓaci ba, amma yanzu ƙari ya yi, ba'di ya kama shi. Wurin da mutane suka fi yin asara shi ne mantawa da wannan ƙablin. In ka sallame sannan ka tuna nan kusa, yi shi a take. In aka jima, ko ka fita daga masallaci, ya wuce ka, kuma sallar ma ta ɓaci, saboda zaman tahiyar farko sunnoni uku ya ƙunsa: zaman, da tahiyar, da kabbara. Ƙablin da bai kai na sunnoni uku ba, kamar kabbara biyu, in ya wuce ka sallar tana nan. Ba'di kuwa ba ya wucewa, ko bayan shekara ka tuna sai ka yi shi.

Shakka tsakanin uku da huɗu: ɗauki uku, tunda ita ka tabbatar, ka kawo ɗaya, ka yi ba'di. Wannan hukuncin mai lafiyayyen tunani ne. Wanda shakka take zuwar masa kullum, ko da sau ɗaya a yini, shi ake kira mai wasiwasi, kuma nasa hukuncin daban: ya ɗauki huɗu, kada ya ƙara komai, ya yi ba'di don turmusa hancin Shaiɗan. Tunda ka ce abin yana yawaita, auna kanka na mako guda. In kullum ne, kana cikin kashi na biyu, kuma sake sallar da kake yi shi ne abincin da wasiwasin yake ƙiba da shi.

Maganar barin zaman tahiya a kan sunna ce. Farilla sujadar rafkanwa ba ta maye gurbinta, sai an kawo ta. Ka manta ruku'u ka tuna kana sujada: miƙe tsaye, an so ka ɗan karanta wani abu, ka yi ruku'un, ka ci gaba, ba'di a ƙarshe. Ka manta sujada ɗaya ka tuna kana tsaye: koma ka zauna sannan ka yi ta, sai dai in ka riga ka yi zaman tsakanin sujadu, to wuce kai tsaye. Damar komawa tana ƙarewa ne da zarar ka ɗago kai daga ruku'un raka'ar da ke biye. Daga nan raka'ar da ka yi wa giɓi ta rushe, mai bi mata ta hau matsayinta. Misali, ka bar sujada a raka'a ta biyu ta La'asar, ba ka tuna ba sai da ka ɗago daga ruku'un ta uku. Ta ukun nan ta zama ta biyu, ka zauna tahiya bayanta, ka kawo biyu da Fatiha kaɗai. Wace sujada za ka yi? Ƙabli, domin ka ƙara raka'ar da ta rushe, ka kuma rage sura a wadda ta zama ta biyu.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, su yi ƙabli a inda babu shi. Wanda ya manta Alƙunutu a Asuba, ko kabbara guda ɗaya wadda ba ta harama ba, babu sujada a kansa, in kuma ya yi ƙabli saboda su ya ɓata sallarsa da hannunsa. Haka wanda ya ƙara sura a raka'o'i biyun ƙarshe, ba komai. Amma wanda ya ɓoye karatu a inda ake bayyanawa ƙabli ne, wanda ya bayyana a inda ake ɓoyewa ba'di ne. In kana bin liman, rafkanwarka ta sunna shi ya ɗauke maka. Farilla ce kawai ba ya ɗauka.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Sakkwato. Nakan riski raka'ar ƙarshe ta Magariba, in miƙe in kawo biyu a jere ba zama a tsakani. Wani dattijo a masallaci ya ce ba haka ake yi ba. Yaya ake ramawa?

Amsa: Ka gode wa dattijon. Ƙa'idar ita ce: a karatu ramuwa kake yi, a ayyuka gini kake yi. Wato wajen karatu, abin da ya wuce ka shi ne farkon sallah, sai ka kawo shi yadda liman ya yi shi, da sura da bayyanawa. Wajen zama da tashi kuwa, raka'ar da ka samu ita ce ta farkonka, a kanta kake ɗorawa.

A Magaribar da ka ce: liman ya sallame, ka miƙe, Fatiha da sura a bayyane, ruku'u, sujada, sai ka zauna tahiya, domin wannan ce ta biyunka. Ka sake miƙewa, Fatiha da sura a bayyane, ka zauna tahiyar ƙarshe ka sallame. Ka ga Magariba mai zama uku, kuma daidai take. Da a Lisha ne ka sami raka'ar ƙarshe: ɗaya da sura a bayyane, ka zauna, ɗaya da sura a bayyane, ba zama, ɗaya da Fatiha kaɗai a ɓoye, tahiya, sallama. In biyu ka samu babu wuya, biyu ne da sura a jere. Wajen miƙewa, wanda ya sami raka'a biyu, ko bai sami ko ɗaya ba, da kabbara yake tashi. Wanda ya sami ɗaya ko uku ya tashi ba kabbara, tunda zaman da ya yi don bin liman ne kawai.

Ana samun raka'a ne idan ka sunkuya ka ɗora hannuwa a gwiwa kafin liman ya ɗago kansa. In kana shakkar ko ka riske shi, kada ka lissafa ta. Kuskuren da ya fi muni a nan shi ne na mai shigowa da gudu, ya faɗa ruku'u da kabbara ɗaya wadda ta ruku'u ya nufa. Wannan bai ma shiga sallah ba, saboda bai yi kabbarar harama ba. Tsaya cak a sahu, ka yi kabbarar harama kana tsaye, sannan ta ruku'u. Gudun ma an hana shi; umarnin shi ne a zo wa sallah da natsuwa, abin da aka samu a yi, abin da ya wuce a cika.

Idan liman yana da sujadar rafkanwa: ka sami raka'a ɗaya ko fiye, to ka yi ƙabli tare da shi, amma ba'di ka jinkirta shi sai ka gama ramuwarka ka sallame. Wanda ya bi liman cikin ba'di da gangan sallarsa ta ɓaci. Wanda bai sami ko raka'a guda ba, ba ya bin sa a ko wanne. Ranar Juma'a, raka'a ɗaya in ka samu ka ƙara ɗaya; in a tahiya ka tarar da su, Azahar huɗu za ka yi.

Tambaya: Malam, shekarata 58. Bayan na yi tsarki na yi alwala nakan ji ɗigon fitsari, wani lokaci in duba in gani, wani lokaci babu. Nakan sake alwala har sau uku, in canza wando, jam'i ya wuce ni. Me zan yi?

Amsa: Alhaji, Allah ya ba da lafiya. Abu biyu ne suka cakuɗe maka, a raba su tukuna: ɗigon da yake fita da gaske, da wanda ake ji kawai.

Fara da gyara tsarkin. Bayan fitsari kada ka yi hanzarin zuba ruwa. Ɗan dakata, ka tatse gaba a hankali daga tushe zuwa kai, ka ɗan kaɗa shi, har ka ji ya tsaya. A hankali muka ce, domin matsawa da ƙarfi da daɗewa a bayi suna ƙara matsalar. Ka riƙa kama ruwa tun da sauran lokaci, minti goma sha biyar ko ashirin kafin kiran sallah, don abin da zai sauko ya sauko kafin alwala. Bayan alwala yayyafa ruwa kaɗan a wando, in ka ji danshi ka jingina shi ga ruwan. Kuma ka daina dubawa. An kai wa Annabi ƙarar mutumin da yake jin kamar wani abu ya fita yana sallah, ya ce kada ya juya sai ya ji ƙara ko wari. Gaskiya ne a mazhabarmu shakkar karyewar alwala tana karya ta, amma an cire wanda shakkar take damunsa kullum, kuma bayaninka ya nuna kai ne wannan.

In kuwa yana fita da gaske ba da ikonka ba, wannan yoyon fitsari ne, kuma ana auna shi da lokaci. Dubi lokutan sallah, daga karkatar rana zuwa fitowarta washegari. In yoyon yana cin rabin wannan lokaci ko fiye, ba ya karya alwala, sabunta ta ga kowace sallah mustahabbi ne kawai. In bai kai rabi ba, yana karyawa, sai ka nemi lokacin da yake ɗaukewa ka yi alwala da sallah a ciki. Batun tufafi ya fi wannan sauƙi: abin da yake zuwa kullum, ko sau ɗaya ne, an yafe shi a jiki da wando, ba dole ka canza ba. Sanya ƙyalle mai tsabta ko auduga a ciki ya wadatar. Wanda yoyonsa ya tabbata, an ƙi ya limanci masu lafiya, amma sahu nasa ne kamar kowa, kada ka bar jam'i.

Sannan ka je asibiti, kada kunya ta hana ka. A shekarunka ciwon suga, da ciwon mafitsara, da kumburin ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, duk suna kawo wannan, kuma ana maganinsu. Sauƙin da shari'a ta yi ma an gina shi ne a kan wanda ba zai iya kawar da abin ba, ko yake cikin neman magani.

Tambaya: Malam, lalle da jan farce suna hana alwala?

Amsa: Malama, abin dubawa shi ne ko ruwa yana taɓa fata da farce. Lalle launi yake bari bayan an wanke shi, ba ya hana komai. Jan farce na kwalba da farcen roba rufi ne, ruwa ba ya ratsa su, alwala da wanka ba sa inganta sai an cire. Duk wani zane da in ya bushe yake yin ɓawon da ake iya ɓamɓarewa, a kankare ɓawon tukuna. Sallolin da aka yi da alwalar da aka yi a kan jan farce sai an rama su.

Tambaya: Allah gafarta Malam, ina saro kaya daga Legas zuwa Kano. Wani zuwan in kwana biyu, wani in yi mako ina jiran kaya. Yaushe zan yi ƙasaru, kuma yaya zan yi da sallah idan direba ya ƙi tsayawa?

Amsa: Tafiyar ƙasaru mil 48 ce a ma'aunin malamai, wato kilomita tamanin da 'yan kai, zuwa kaɗai ban da dawowa. Kano zuwa Wudil ba ta kai ba, Kano zuwa Zariya ta kai, balle Legas. Kana farawa ne bayan ka wuce gidajen ƙarshe na gari, ba daga tasha ba. Azahar, La'asar da Lisha su ne suke komawa biyu-biyu, kuma yin hakan sunna ce mai ƙarfi, ba ragwanci ba ne.

Abin da yake yanke ƙasaru shi ne niyyar zaman kwana huɗu cikakku, masu salloli ashirin. Ranar da ka shiga gari bayan alfijir ba a lissafa ta, haka ranar fita. Ka isa Legas Litinin da hantsi da niyyar tasowa Asabar da safe: Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a, huɗu sun cika, da isarka sai ka riƙa cikawa. In Juma'a da rana za ka taso, uku ne, ƙasaru za ka yi. In kuwa ba ka san ranar tashi ba, kullum ana ce maka kaya gobe, ƙasaru za ka yi ta yi ko da ka share wata. Shiga garinku yana yanke ƙasaru, haka garin da matarka take zaune in kun riga kun tare, ko wucewa kawai za ka yi. In ka bi liman mazaunin gari, cika huɗu tare da shi. Sallar da ta kuɓuce maka a hanya biyu za ka rama ta ko a gida, wadda ta kuɓuce a gida huɗu ko a hanya.

Matsalar direba kuwa, mafi yawanta haɗa salloli yana warware ta. In rana ta karkata kuna tsaye, a tasha ko wurin cin abinci, kuma ka san ba za a sake tsayawa ba sai bayan faɗuwar rana, yi Azahar ka ɗora La'asar a kanta nan take, kowacce da iƙamarta, ba nafila a tsakani. In ta karkata kuna cikin tafiya, kuma za a tsaya kafin rana ta yi fatsi-fatsi, jinkirta Azahar ka haɗa su a can. Magariba da Lisha ma haka. Asuba ba a haɗa ta da komai, don haka tun a tasha ku fasinjoji ku yi magana da direba a kanta, baki ɗaya ya fi tasiri. Ka hau mota da alwala, ka riƙe gorar ruwa da ɗan dutse mai tsabta a jaka, domin ana taimama a kan dutse. Ka tuna taimama ɗaya farilla ɗaya take ɗauka, ko haɗawa za ka yi sai ka sake wa ta biyu, kuma ba a yin ta sai lokaci ya shiga.

Farilla a kan kujerar mota ba ta halatta haka kawai. Amma a hanyar da ake tsoron 'yan fashi ko masu garkuwa, sauka haɗari ne, lokaci kuma zai fita, yi ta a zaune da nuni, sujada ta fi ruku'u sunkuyawa, ko ina motar ta fuskanta. In kun sami aminci lokacin bai fita ba, ka sake ta a ƙasa.

Tambaya: Malam, ina da shagon atamfa a Kantin Kwari. Kuɗina duk suna cikin kaya, akwai masu bina bashi, akwai waɗanda nake bi. Na saba in raba turamen da suka yi kwantai a watan azumi a matsayin zakka. Ya isar?

Amsa: Alhaji, niyyarka mai kyau ce, Allah ya ba da ladan sadaka, amma zakka ba ta fita ba. Zakkar kasuwanci ƙimar kaya ake fitarwa da kuɗi, ba a bayar da kayan a madadinta, balle wanda kasuwa ta ƙi.

Kai mai jujjuya dukiya ne, kana saye kana sayarwa kullum. Ka gano watan Musulunci da jarinka yake cika shekara. Riba tana bin shekarar uwar kuɗi, ba a buɗe mata sabon lissafi. A ranar ka ƙiyasta duk kayan sayarwa da farashin da suke yi a kasuwa a lokacin, ba yadda ka saro su ba, har da masu kwantai, kowanne da abin da zai iya yi yau. Kanta, janareta, fanka da shagon kansa ba sa ciki. Ka haɗa da kuɗin hannu da na banki, da bashin kayan da kake sa ran za a biya ka. Wanda ka fid da rai da shi bar shi, ranar da ya shigo ka fitar masa da ta shekara ɗaya. Sai ka cire bashin da ake bin ka, sai fa in kana da wata kadara da ta wuce buƙatarka, kamar fili ko gidan haya, da za ta iya tsaya wa bashin. In akwai, ba ka cirewa. Abin da ya rage in ya kai nisabi, wato dinari 20, kimanin giram 85 na tataccen zinare a farashin ranar, ka fitar da ɗaya cikin arba'in. Misali: kaya na naira miliyan 30, tsabar kuɗi miliyan 6, bashin da ake sa ran biya miliyan 4, ana bin ka miliyan 8. Saura miliyan 32, zakkarta naira 800,000.

Jiran azumi ba daidai ba ne idan shekararka ta cika tun Rajab, domin haƙƙin mutane ne ka riƙe. Gabatar da ita da kamar wata ɗaya ya halatta. Masu karɓa su ne kashi takwas ɗin da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. Ba ka ba wanda ciyar da shi yake wuyanka, kamar iyaye, mata da ƙananan 'ya'ya, amma ɗan'uwa ko ƙanwa mabuƙata sun fi cancanta da bare. Kuma ba a yafe wa talaka bashin da ya gagara biya a ce an lissafa shi cikin zakka. Wannan ceton kuɗinka ne ka yi. Shekarun da suka wuce ka zauna da littafin shago ka kimanta su, ka cire abin da ka tabbatar ka bayar da kuɗi, sauran bashi ne a kanka.

Tambaya: Malam, ni uwargida ce a Gusau. Ɗan makwabtanmu yana neman aure, iyayen yarinyar sun aiko suna tambayarmu halinsa. Mun san yana shaye-shaye, kuma matarsa ta fari duka ne ya fitar da ita. Maigidana ya ce mu ce ba mu san shi da komai ba sai alheri, kada mu yi gulma mu ɓata makwabtaka. Zuciyata ba ta kwanta ba.

Amsa: Hajiya, zuciyarki ta faɗa miki gaskiya. Gulma haramun ce, aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta kamanta ta da cin naman ɗan'uwa matacce. Amma malamai sun ware wuraren da ambaton aibin mutum yake halatta, har ya zama wajibi, kuma shawarar aure tana cikinsu. Fatima 'yar Ƙaisu ta gaya wa Annabi cewa Mu'awiya da Abu Jahmi suna neman ta. Bai ce duk mutanen kirki ne ya yi shiru ba. Ya ce mata Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahmi kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, ya ba ta shawarar Usama. Wanda aka nemi shawararsa amana aka ɗora masa. Ku ce ba ku san shi da komai ba sai alheri alhali kun sani, ƙarya ce, kuma 'yar mutane ce za ta biya kuɗinta da jikinta. Ki tambayi maigida cikin ladabi, da 'yarsa ce, wace amsa zai so a ba shi?

Sai dai halaccin yana da iyakoki, kuma wajen tsallake su ne nasiha take rikiɗewa ta koma gulma. Ku faɗi abin da kuka gani ko kuka tabbatar, ban da an ce. Ku tsaya a kan abin da ya shafi zaman aure: sallarsa, shaye-shayen, dukan, riƙon iyali. Laifin ubansa, rigimar gadon gidansu, ko wani abin kunya na ƙuruciya da ya daɗe da bari, ba su da wuri a nan. In ya tuba daga shaye-shayen kuma kun ga alama, ku faɗi hakan, da tsawon lokacin da ya yi da bari. Alherinsa ma ku ambata, in mai neman na kansa ne ko mai jin ƙan iyaye. Kuma in akwai tsohuwar ƙullalliya tsakaninku da gidansu, ku binciki zuciyarku sosai, ko ku tura masu tambaya wurin wanda ba shi da ita.

Wajen isarwa, ku fara da kaɗan. In maigida ya ce wa waliyyin yarinya, ni dai ban ba ku shawara ba, kuma suka gane suka janye, ya tsaya nan, ba ya halatta ya ƙara. In suka nemi dalili, ya ambaci abubuwa biyun nan a taƙaice. Da waliyyi za a yi maganar, baki da baki, shi kaɗai ko da mutum ɗaya, a nemi ya riƙe sirri. Kada a yi ta gaban 'yan rakiya, kada a aika ta a saƙon murya na WhatsApp, domin saƙo yana yawo, ya faɗa hannun wanda ba a nufa ba. Bayan nan bakinku alaikum: ba a tayar da zancen a gidan suna ko wajen kitso, ko da auren ya fasu, ko da an ɗaura shi duk da shawararku.

Shi yaron ma yana da haƙƙin makwabtaka a kanku. Maigida ya kira shi gefe, ko ya sami mahaifinsa ko kawunsa, ya gaya masa cewa ana zuwa tambaya a kansa, kuma ba zai yi wa kowa ƙarya ba. In shaye-shayen ya kai matsayin da ba zai iya bari da kansa ba, a haɗa shi da likitocin da ke kula da masu wannan matsala, a ɗage maganar aure har a ga inda aka kwana.